Riga ta Talatin

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya gwiwar? Ina fatan kin rage hawa benen nan sau goma a wuni kamar ana biyanki. Mu nan lafiya ƙalau, sai damina da ta kama, ni kuwa kin san ba na cikin masu kuka da ruwa.

Kin ce maganar waya iska ce, duk abin da ya shafi shagon Baba a sa shi a takarda, tunda a hannunki ya bar hukuncinsa kafin ya rasu. To, ga shi na ari biro na zauna.

Da farko ina taya ki murna. Gidanmu ya ɗaukaka. Wasu gidajen sun fitar da likita, wasu lauya, mu kuwa Allah ya ba mu wadda babu bolar da ba ta san fuskarta ba a garin nan. Autarmu ta zama babbar mace. Da kika ba ta shagon kika ce ta gwada ɗinki, ni a gajeren tunanina na ɗauka yadi za ta riƙa yankawa kamar sauran teloli marasa hangen nesa. Ashe ta wuce nan. Laima take ɗinkawa. Ba sabuwa ba kuwa, kada ki raina ta: karyayya, wadda mai ita ya yi fushi ya wurga a kwata.

Da zarar ruwa ya ɗauke za ki gan ta da buhu a kafaɗa tana bin bakin titi, tana leƙa kwalbatoci kamar wadda ta yar da zobe. Ta yi manyan ƙawaye kuma: matan da ke sharar titi da safe, da shugabarsu da ake kira Uwar Tsintsiya. Su suke tsinto mata, ita kuma tana yi musu facin kaya. Rannan na wuce na gan su su biyar zaune a bencin da manyan mutane suke zama jiran Baba ya gwada su. Raina ya yi fari, na ce lallai shagon nan ya ci gaba.

Cikin kuwa sai kin gani. Ƙusoshin da Baba yake rataye riguna, yanzu ƙwarangwal ɗin laima ne a jere kamar jemagu. Tana sa reza ta raba ƙyallen da ƙarafan, ta wanke a baho, ta shanya a ƙofar shago: ja, kore, mai ɗigo-ɗigo, har da mai hoton kyanwa. Daga nan ta harhaɗa su, wai rigar ruwa. Na tambaye ta dalili, ta yi min lacca: wai shara ta yi wa duniya yawa, wai ƙyallen laima ba ya ruɓewa, shi yake toshe magudanan ruwa. Na ce madalla, to da shara ta yi wa duniya yawa sai aka ce a kwaso ta a kawo shagon ubanmu? Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Yaya Mai Laima, matsa, ka tare min haske.”

Mutane sun fara magana. Matar mai gidan burodi ta ja ni gefe ta ce ko wani hali muka shiga ne, mu faɗa mata kada mu ji nauyi. Kin san ni da kunya.

Ba don kaina nake wannan magana ba, Allah ya sani. Amma tunda zance ya biyo ta nan: shekara goma sha biyu ina sayar da laima a kan tebur, ƙarƙashin fallen kwano mai yoyo. Mai sayar da laima ruwa yana dukan kayansa, har maƙwabtana sun mai da ni abin nishaɗi. Shagon Baba kuwa ƙofarsa tana kallon babban titi, ga kanta, ga rufi lafiyayye. Ni dai na faɗa ne kawai, hukunci naki ne.

Ki gaishe min da maigidan da kyau, ki shafa min kan yara. Matata tana gaishe ki.

Ƙaninki mai biyayya,
Na-Tsakiya


Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya. Na ji ƙaramar taki ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi, a riƙa sa mata gidan sauro ko tana kuka. Takardarki ta iso ta hannun direban motar safe. Na karanta sau biyu, na farko don labari, na biyu don in ƙara jin daɗin inda kika ce ranki ya ɓaci.

Kin ce kada in ƙara rubuto miki abin da matar mai burodi ta ce, in je in gani da idona. Na je. Na rufe tebur na zauna a shagon wuni guda, har ta ba ni almakashi in riƙe don kada zamana ya tashi a banza.

Zan faɗi gaskiya, kin san ni ba na ƙarya sai a ciniki. Yarinyar nan hannun Baba ta ɗauko. Kowace laima falle takwas gare ta, kowane falle kamar yankan kankana, faɗi a ƙasa, tsini a sama. Sai ta juya ɗaya kai ƙasa ta haɗa shi da ɗan'uwansa, ta yi ta jerawa haka har su zama yadi miƙaƙƙe. Laima huɗu, riga ɗaya har da hularta. Kafin ta taɓa falle da almakashi sai ta ɗaure shi a bakin bokiti, ta zuba ruwa a kai, ta tafi wani aiki. Idan ta dawo ta ga ɗigo a ƙasa, wannan ya faɗi jarrabawa, sai dai ya zama aljihun ciki. Duk inda allura ta bi, sai ta bi shi da guntun kyandir tana gogawa, ta shimfiɗa ƙyalle ta ɗora guga mai ɗan ɗumi, kakin ya narke ya toshe hujin. Kin san ɗan maɗaurin nan da ake naɗe laima da shi? Shi take sawa a bakin hannu, in ka ɗame ruwa ba ya gangaro maka hammata. Zif daga matattun jakunkuna, igiyar hula daga tsofaffin takalma. Mariƙin mai lanƙwasa ma ba ta bar shi ba, ta kafe a bango ya zama maratayi. Ƙarafan kuwa, da take ce wa haƙarƙari, ta ware su tsawo-tsawo ta ɗaure a buhu. Na ce waɗannan fa, miya za a yi da su? Ta ce ranarsu tana zuwa.

Sai dai bakinta ba na Baba ba ne, naki ne. Ina zaune ta zazzage buhun da Uwar Tsintsiya ta kawo, na ga laimomi sun zubo, kusan duk na san su. Ta ce, “Ka gaisa da ’ya’yanka mana. Ai kai ne babban dilana. Cikin goma, bakwai daga teburinka suka fito. Ƙyallen mai kyau ne, amma haƙarƙarin ko atishawa aka yi kusa da shi sai ya karye.” Matan shara suka kwashe da dariya har da tafawa. Na ce ai ba ni nake ƙera su ba. Ta ce, “Amma kai kake rantsuwa a kansu.”

Yanzu ga labarin. Masu tura baro na kasuwa, su talatin, sun gaji da fasa leda suna sawa a wuya in ana ruwa. Shugabansu, Dogo, ya ga rigar Auta a jikin Uwar Tsintsiya, ya ɗauki buta ya sheƙa mata ruwa don ya tabbatar. Ta wanke shi da zagi tas, amma ya tabbatar. Ya ba Auta aikin riga talatin nan da ƙarshen wata. In ba ta gama ba, za su tafi kantin da ke sayar da na roba.

Shawarata mu yi adalci. Idan ta cika talatin a ranar, to sana'a ce, shago nata, ni da kaina zan rufe bakin matar mai burodi. Idan ba ta cika ba, wasa ne, sai ki sa ta miƙo min makulli. Kin ga babu son kai a ciki.

Sauran kuma ki duba da kanki, ke kika fi mu makaranta: talatin sau huɗu ake nema, abin da na ƙirga a rataye kuwa bai kai hamsin ba.

A gaishe da mutanen gida.

Ƙaninki mai son gaskiya,
Na-Tsakiya


Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan jikin ƙaramar ya yi ƙwari, ke ma gwiwar ta bar ki kin yi barci. Na gode da kika amince da shawarata, kodayake inda kika rubuta cewa kin san dalilina tun daga layin farko, wannan ban gane shi ba.

Na kai wa Auta saƙonki baki da baki. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Ta tsayar da keken ɗinki, ta saurara har na gama, ta ce, “To.” Shi ke nan. Sai ta miƙe ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin kantar shagon ta ɗora min a cinya.

Yaya, kin tuna baƙar laimar Baba? Babbar nan mai mariƙin katako, wadda mu uku muke shigewa ƙarƙashinta in ya je ɗauko mu daga makaranta, shi kuma kafaɗarsa ɗaya tana jiƙewa? Ranar da muka kwashe ɗakinsa, ni na ɗauke ta na jefa a motar shara, na ce tarkace ne. Ashe Auta ta bi motar har layi biyu ta roƙi masu ita suka ciro mata. Ita ce laima ta farko da ta fara farkewa, daga kanta duk wannan sana'ar ta samo asali. Ta fitar da baya da hula daga jikinta, ta cika sauran da baƙaƙe uku da ta tsinto. A kafaɗar hagu akwai facin da Baba ya yi da hannunsa, ɗinkin nan nasa ƙanana-ƙanana da shuɗin zare, ba ta taɓa shi ba. Ta ce tun watanni ta ɗinka ta a kan awona, tana jira in daina yi mata ba'a ta ba ni, amma ta ga in ta biye wa wannan damina za ta wuce.

Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, na tashi na fita ban ce ko na gode ba.

Washegari aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na sa ta na yi ta jidar kwalaye daga ƙarƙashin kwanon nan mai yoyo. Da na gama na cire, rigata ta ciki a bushe ƙayau. Wani mai mota ya tsaya ya sauke gilashi ya ce nawa zan sayar. Bakina ya buɗe da kansa zai yanka farashi, sai hannuna ya sauka a kan facin Baba. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Kin san tun da aka haife ni ban taɓa furta wannan kalma ba, har sai da na ji ta baƙuwa a bakina.

To, daga wannan ruwan sama ta rufe. Yau kwana goma sha biyu rana ƙwal, ko iskar da za ta ɗaga leda babu. In babu iska laima ba ta karyewa, in ba ta karye ba Auta ba ta da yadi. Riga goma sha huɗu ta gama, ƙusoshin bango duk sun koma fanko. Yanzu sai ta fita tun safe ta tafi unguwannin da ko sunansu ban sani ba, ta dawo da biyu ko uku a buhu, ƙafarta duk ƙura. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Ta wanke, ta shanya, ta hau keke. Ƙarar keken nan daga bakin titi, wallahi sai ki rantse Baba ne a ciki.

Ya kamata in yi murna. Na gwada, ta ƙi zama.

Ba wai na janye ba ne. Amma ko za ki ɗan ƙara mata kwanaki, saboda adalcin nan da muke magana? Dogo ni zan san yadda zan yi da shi.

A gaishe da maigida da yara.

Ƙaninki,
Na-Tsakiya


Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Mu nan da sauƙi, sai dai kunya da take neman kwantar da ni.

Kin ce ni na kawo sharaɗi, ni zan zauna da shi, ba ƙarin kwana ko ɗaya. Na ji, ban kuma yi mamaki ba. Yanzu zan faɗa miki abin da na aikata, ki yi dariyarki ki gama tun kafin mu haɗu.

Ranar Litinin da rana na ja labule a bayan teburina, na buɗe sabon kwali, na fito da laima ashirin. Ɗaya bayan ɗaya na buɗe, na sa gwiwa, ƙas! Abin haushi, waɗanda iska ke karyawa da wasa, ni sai da na yi gumi. Na tumurmusa su a taɓon bakin famfo na bar su suka sha iska. Washegari da sassafe na bi layin da matan shara suke farawa ina yar da su, nan biyu a kwata, can biyu a gindin turken lantarki. Na koma na zauna ina jin kaina kamar wanda ya gina asibiti.

Kwana biyu shiru. Ranar Alhamis kasuwa ta cika, ina tsakiyar rantse wa wata mata cewa laimata har jikokinta sai sun gada, sai ga Auta, Uwar Tsintsiya tana biye da buhu. Suka zazzage a kan teburina. Laima ashirin cif, a wanke, a naɗe, kowace da maɗaurinta. Auta ta ɗauki ɗaya ta buɗe, laimar ta tsaya cak kamar ba abin da ya taɓa samunta.

Ta ce, “Yaya Mai Laima, iska daga ƙasa take shiga, ta juye laima, ta karya haƙarƙari sama, kuma kowace da inda take karyewa. Waɗannan duk ƙasa suka karye, duk a gaɓa ta biyu, duk faɗin gwiwa ɗaya. Sati biyu ba a yi ruwa ba, a ina suka samo taɓo? Sannan ka manta ka ɓare takardar farashi, ga rubutunka nan.” Uwar Tsintsiya ta ce, “Mu ma sai da muka ce wannan iska mai tarbiyya ce, bibbiyu take ajiyewa.” Matar da nake yi wa rantsuwa ta ajiye laimar a hankali ta matsa gefe don ta ji sauran.

Na ce ai taimako na yi. Auta ta sassauta murya ta ce ta sani, ta kuma gode, amma in sabuwar laima za ta yanka, ai gara ta je kanti ta yanko yadi kamar kowa. Ta ce ba ta fara aikin nan don a ƙara shara saboda ita ba. Na ce za ki rasa shagon fa. Ta ce, “In na rasa shi a kan gaskiya, na san abin da na rasa. In na same shi da wannan, kullum na buɗe ƙofa gwiwarka zan riƙa gani.”

Kin ga kwana biyun nan da aka yi shiru? A kan kayana ta ƙarar da su, ita da kowane wuni yake da tsada a wurinta. Ta kwance buhun haƙarƙarin nan da na yi wa ba'a, ta zaɓo masu ƙwari daga laimomin kirki, ta sauya wa nawa. Ranarsu ta zo, kamar yadda ta ce. Na gwada ɗaya a gaban fankar mai aski, ko gezau.

Ina zaune kaina a ƙasa, sai ga wata tsohuwar abokiyar cinikina tana mita, wai laima uku ta saya a wurina, duk suna bayan ƙofa a karye, kullum cewa take za ta kai gyara. Yaya, sai na ji kamar an kunna fitila a kaina. Auta ta san ƙyalle, amma ni na san mutane. Matattun laimomin garin nan ba a bola suke ba, a bayan ƙofa suke da ƙarƙashin gado. Mutum ba ya iya jefar da abin da ya saya, sai ya ajiye shi yana jin haushina. Na yagi kwali na rubuta da manyan baƙaƙe: KAWO KARYAYYA, KA SAMU RAGI A SABUWA. Amma wannan karon sai da na je na nemi izini. Ta juya kwalin ta karanta, ta ce, “In dai iska ce ta kashe su, ba gwiwa ba.”

Saura kwana tara, riga goma sha biyar. Ki sa mu a addu'a. Na ce mu, ba kuskuren biro ba ne.

Ƙaninki mai ciwon gwiwa shi ma,
Na-Tsakiya


Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna nan lafiya, ke da maigidan da yara. Ki yi haƙuri da rubutun, yatsuna biyu guga ta ƙona, mura kuma ta kama ni. Za ki ji dalilin kowanne.

Kwalin nan ya yi aiki fiye da zatona. Mutane suka yi ta zuwa da laimomi, kowa ya miƙo tasa sai ya haɗa min da zagi kyauta. Wani malamin makaranta ya kawo bakwai, ya jera min su da shekarar da ya sayi kowace. Na karɓa da hannu biyu, zagin da laimar duka. Sai dai zaman bayan ƙofa ya cinye da yawa, kusan rabi suka faɗi jarrabawar bokiti. Na bar wa matata tebur na koma shagon. Matan shara suna farkewa suna wankewa, ni ne mai bokiti da kyandir, Auta tana kan keke ba ta ɗagowa sai salla. Ta koya min guga sau uku, na huɗu yatsuna suka koya.

Ranar ƙarshen wata da hantsi ta cire riga ta ashirin da tara daga keke. Fallayen da suka rage duk masu yoyo ne. Ta sake gwada su ɗaya bayan ɗaya, ɗigo, ɗigo, ɗigo. Na matso na ce mata a kunne ta haɗa su haka nan, kafin a gane an riga an ƙirga. Ta kalle ni kawai. Na koma wurin bokitina.

Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, hadarin farko cikin kusan sati huɗu, har na sa baƙar rigar da Auta ta ɗinka min. Dogo ya iso da mutanensa, suka jera baro a ƙofar shago kamar masu jiran mai. Yana kiran mutum, Auta tana miƙa riga. Wannan ja da ruwan ɗorawa, wancan kore da ɗigo-ɗigo. Dogo da kansa mai kyanwar nan ta faɗo masa, kyanwa biyu a ƙirji, ya ce shi ai ko zaki ne bai fi haka ba. Aka zo kan na ƙarshe, wani dattijo siriri da suke ce wa Kawu. Ya matso yana goge hannu a wando. Maratayi fanko.

Auta ta kwance makullin shagon daga igiyar da take ɗaure shi a wuyan hannu, ta ajiye a kan keken Baba, ta turo shi gabana.

Yaya, na kalli makullin nan. Shekara goma sha biyu ina mafarkinsa. Na ga kantar shagon cike da kwalaye, na ga sunana a saman ƙofa. Ba zan yi miki ƙarya ba, hannuna har ya motsa. Sai na ga maɓallin wuyana ya nufa. Na cire baƙar rigar na ɗora wa Kawu a kafaɗa.

Auta ta ce ba ta yarda ba, wannan tawa ce. Nan fa aka shigo fagena. Na ce wa ya ɗinka ta? Ta ce ita. A wane keke? Wannan. Sabuwar laima ce ko yasasshiya? Na ce ni da hannuna na jefa ta a motar shara, ina da shaida. Ta ci jarrabawar bokiti? Ta ci, har da ta ruwan sama. Na ce Dogo, ƙirga. Ya bi layi yana taɓa kafaɗu, ya ce talatin. Rigar ta yi wa Kawu yawa a ciki, don ni da shi ba tumbinmu ɗaya ba, amma ya ɗame igiya ya ce a haka ma ya fi so, iska za ta riƙa shiga.

Ko rufe baki ba mu yi ba ruwa ya ɓalle. Mutum talatin suka kama baro suka gangara babban titi, launi-launi, suna ihu kamar yara. Duk kasuwa ta fake a baranda tana kallo. Matar mai burodi ta ratso ruwa ta zo tana tambaya ko za a samu daidai ita. Auta ta dube ta sama da ƙasa ta ce laima shida, kuma sai ta bi layi. Na yi alkawarin rufe bakinta, kin ga an hutar da ni.

Auta ta mai da makulli wuyan hannunta, ta juya baya wai tana gyara zare a keke. Ta daɗe tana gyara zaren nan.

Ni kuma na ɗauki laima daga kayana na nufi gida. A kwanar farko iska ta shiga ta ƙasa, ta juye ta, haƙarƙari ya karye sama, daidai yadda aka koya min. Na isa gida jiƙe sharkaf, matata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da safe na kai wa Auta gawar. Ta duba karayar da kyau, ta ce wannan ta halal ce.

Saboda haka sharaɗi ya cika. Ki rubuto mata da hannunki cewa shago nata ne, don daga gare ki take son ji. Ni ta ba ni ƙusa uku a bakin ƙofa in riƙa rataye laimomin da ta sauya wa haƙarƙari. Ashirin ɗin farko sun ƙare, har yau ba wanda ya dawo ya zage ni, abin har ya fara damuna. Rigar Baba kuwa kullum tana wucewa ta gaban teburina, shuɗin facin nan a kafaɗar Kawu, da buhunhuna a baronsa. Nakan bi ta da ido har ta sha kwana. Shi ma Baba, mai ita na farko, bai taɓa son zama a rataye ba.

Ki gaishe da maigidan, ki shafa min kan yara. Auta ta ce ki aiko da awonsu.

Ƙaninki mai ƙusa uku,
Na-Tsakiya

Na manta ban tambaye ki ba. A takardarki ta farko kin ce ba za ki zuba ido a zubar da mutuncin gidan Baba a bola ba. To, ke da kika fi mu makaranta, ki warware min: wanda ya shekara goma sha biyu yana cika bolar, da wadda ta zo tana kwashewa, da wanne kike?